Wadda Ke Kau da Fuska

Ba ni na zaɓi karatun da na yi ba, gara in faɗi wannan tun farko. Aikin jinya na nema. Da sunaye suka fito sai na tarar an jefa ni wani sashe wai shi ilimin masu buƙata ta musamman. Na karanta sunan, na sake karantawa, ban gane buƙatar wa ake nufi ba. Wani ɗan unguwarmu a Gummi da ya riga ni shiga jami'a ne ya warware mini: koyar da makafi, da kurame, da yaran da kansu ba ya ɗaukar karatu da wuri. Ranar na yi kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Innarmu ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in wanke ido in haɗa kayana, ita dai ba ta taɓa jin karatun da ya ciji mai shi ba.

Tun ban tafi ba aka raɗa mini suna a dangi, malamar bebaye. Ƙanin mahaifinmu kuwa, mutum ne da ba ya ganin miki bai sa yatsa ba, duk hutun da na zo sai ya tare ni a zaure da tambaya guda: "To in kin ƙare, wa ka ba ki aiki? Kuramen?" Sai ya yi dariya, in yi yaƙe in wuce. Amma tambayar ba ta tsayawa a zaure, tare muke komawa makaranta da ita. Malamanmu suna ta kwantar mana da hankali, wai fagen da faɗi: akwai koyarwa a makarantun kurame da na makafi, akwai tafinta a asibiti da kotu, har da irin mutanen nan da ake maƙalawa a kusurwar talabijin suna fassara labarai da hannu, ga ƙungiyoyi masu aiki da naƙasassu. Muna gyaɗa kai a aji. In mun fito sai kowa ya shiga lissafa irin waɗannan makarantu a jiharsu, yatsun hannu guda su ishe shi har da ragowa. Tsoron zaman banza da digiri a ƙarƙashin katifa bai taɓa sakina ba tsawon karatun nan.

Abin da ya sa na daina jin haushin sashen shi ne darasin maganar hannu. Malamin da kansa kurma ne, dogo, mai saurin fushi, ga shi bai san wasa da aikinsa ba. Mu 'yan mata mun taso da cewa ba a kallon babba cikin ido, balle namiji, balle malami. Sai ya fara bayani mu sunkuyar da kai muna satar kallon hannuwansa ta ƙasan ido. Ya buga tebur har alli ya yi tsalle, ya nuna idanunsa da yatsu biyu. Ya rubuta mana a allo cewa hannu ba ya isar da magana shi kaɗai, tambaya da musu da wasa da fushi duk a fuska suke, kuma wanda ya kau da kai daga kurma tamkar ya tashi ne ya fice daga ɗaki ana cikin yi masa magana. Na sha wuya kafin wuyana ya yarda ya miƙe. Da ya miƙe kuwa, sai na ga ashe hira ce sosai ake yi, har da gulma da baƙar magana. A cikin ajin nan ne 'yar yayata ta faɗo mini a rai.

Mu biyu Inna ta haifa mata, Yaya ce ta fari, ni ce auta, maza a tsakaninmu. An kai Yaya aure wani ƙauye wajen Adabka, a ƙasar Bukkuyum. 'Yarta ta fari ba ta kai yaye ba wani zazzaɓi mai sanƙarar da wuya ya kama ta. Ta tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da ita ba. Da aka yaye ta sai aka kawo wa Inna riƙo, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. A gidanmu ta girma. Ni lokacin ina makarantar kwana, daga nan na wuce jami'a, don haka iyakar sanina da ita, yarinya ce mai jan zane ta nuna abin da take so, in ba a gane ba ta kwanta a ƙasa tana birgima. Mutanen gida na cewa zuciya gare ta.

Hutun da ya biyo baya na zaunar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida na nuna mata ruwa, na yi alamar ruwa. Ta dube ni. Na nuna akuya, na yi alamar akuya. Kafin la'asar yarinyar nan ta ja ni ko'ina a gidan, tana dafa abu tana zare mini ido, turmi, tsani, kifin da ake banda, wutsiyar kyanwa. Ban taɓa ganin yunwa irin wannan ba. Duk zuwan da na yi bayan nan sai in tarar ta riƙe na baya ta ƙirƙiro nata ta ƙara. Birgimar ta ragu. Ashe ba zuciya ba ce, magana ce ta cika mata ciki ba ta da ta inda za ta fitar.

Na gama karatu, na yi bautar ƙasa, na dawo Gummi na zauna. Abin da na ji tsoro shi ya same ni. Na nemi koyarwa, aka ce ba a ɗauka. Na nemi ƙungiyoyi, aka ce sai mai gogewa. Abokan karatuna wata ta koma sayar da atamfa ta waya, wani yana tsaron shagon caji. Ƙanin mahaifinmu ya daina yi mini tambayarsa, wannan kuma ya fi tambayar ciwo.

Gidan ma na tarar ya sauya. Yanar ido ta rufe wa Inna gani, sai dai ta ga mutum kamar inuwa. Ƙauyen su Yaya kuma ya zama ba a kwana da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga, mijinta ya kwaso ta da ƙananan yaranta ya kawo gidanmu, shi yana je-ka-ka-dawo saboda gona. Karo na farko ke nan tun bayan yaye da Yaya da 'yarta ta fari suka zauna a gida ɗaya, yarinyar tana neman shekara goma.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba sai an yi masa bayani. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kawaici ne, kuma matar da ta riƙe shi da kyau ana yaba mata. Ni na buɗe ido na ga Inna na yi wa Yaya haka. Yaya na zaune kusa da ita har gwiwarsu na gogar juna, amma sai Inna ta fuskanci bango ta ce, "A hwaɗa ma mutanen ɗakin can tuwo shina hucewa." Yaya ta tashi ta ɗauki tuwonta. Ko ranar da aka kawo Yaya daga ƙauye a firgice, Inna ba ta rungume ta ba. Katanga ta yi wa sannu da zuwa, Yaya kuma ta amsa wa katangar.

To haka Yaya ta ɗauko ta ɗora a kan tata 'yar. Tana aiki tana magana da iska. "Wasu dai ba su shafa mai ba yau, ƙafa duk faso." "Wasu sun bar kallabinsu bakin rijiya." In yarinyar ta shigo madafi, Yaya ta juya wuya ta shiga gyaran itacen da ba ya buƙatar gyara. Mu da muke ji mun san duk maganar nan kulawa ce. Na saba da abin tun ina ƙarama har ban ga wani aibu a ciki ba.

Ana dab da yankan shinkafa a fadama aka kira ni a waya. Wani asibiti ne a wata jiha mai nisa ke neman tafintar kurame, wanda zai tsaya tsakanin likita da marar lafiya. Wata abokiyar karatuna ce ta ba da sunana. Suka gwada ni ta bidiyo, suka ce in zo kafin wata ya mutu. Murnata ba ta wuce tsawon zaure ba. Ina shigowa tsakar gida na hango yarinyar ta taso da gudu, hannuwa na tashi sama, tana ba ni labarin wani zakara da ya faɗa randa. In na tafi, wa za ta ba wa labarin zakara?

Na fara da mahaifinta. Na roƙe shi ya bar ni in tafi da ita in sa ta makarantar kurame a can. Bai ko bari na dire ba. Ya ce shi da ya kwashe iyalinsa daga ƙauye don su kwana wuri ɗaya, ba zai ɗora 'yarsa a kan hanyar nan ba, yarinyar da ko an ce a gudu ba za ta ji ba. Na ji haushi, amma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na koma kan Inna. Ta yi iyakar yinta, baiwar Allah. Takan kama hannuwan jikarta tana shafawa ko za ta gane da taɓi, sai su ƙare da dariya su biyu, ba wanda ya fahimci wani. Ƙannen yarinyar ƙanana ne, ba su wuce wasan ƙasa ba. Duk inda na juya lissafin, kan Yaya yake faɗawa.

Ban san zurfin ramin ba sai ranar da na ce bari in koya wa yarinyar alamomin dangi. Da hantsi ne, Yaya ta turara shinkafa tana baza ta a tabarma can gefe. Akwai wata al'ada ta kurame: ba sa wahalar harhaɗa sunan mutum, sai su duba wani abu da ya fi fitowa a jikinsa ko halinsa su mai da shi sunansa. Yarinyar ta yi wa kowa nasa tun ban koya mata ba. Inna ita ce jan carbi. Ni ce tabarau. Ƙanin mahaifinmu kuwa tumbi ne, ta kan zana shi da hannu biyu har da kumbura kumatu, ni kuma ban taɓa hana ta ba.

Na nuna mata alamar uwa, na tambaye ta wace ce tata. Ta yi alamar jan carbi. Na ce a'a, waccan kaka ce, uwa ita ce wadda ta ɗauke ki a ciki, ta goya ki. Na nuna Yaya.

Ta bi yatsana da kallo. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokana ce. Da ta ga fuskata ba wasa, sai ta ɗora tafin hannunta a kumatu ta ture fuskarta gefe. Na ɗauka ƙin maganar take. Ta sake yi, ta nuna Yaya. Sai na gane sunan da ta sa mata ke nan.

"Waccan?" in ji hannuwanta. "Ba ta so na. In na zo ta juya."

Na ce ba haka ba ne. Na ce takalmin sallar da ke ƙafarki ita ta saya. Kan kifin da kike samu a kwanonki ita ke ajiye miki. Mai kitson da ke zuwa, ita ke aika a kira ta. Yarinyar ta girgiza kai, ta ja carbi. Gaskiyarta, duk ta hannun Inna abubuwan ke biyowa, don uwa ba ta miƙa wa 'yar fari abu hannu da hannu. Ba wanda ya taɓa gaya mata wace ce ta haife ta. Ba ɓoyewa aka yi ba. Yaro da kunne yake tsintar wannan, ba a zaunar da shi a faɗa masa, sai kowa ya ɗauka ta sani.

Ta daɗe tana kallon bayan Yaya. Sannan ta juyo ta tambaye ni abin da har yau ban manta ba.

"In ita ta haife ni, me na yi mata?"

Duk shekarun da na yi a jami'a, da jarrabawar da na ci, da koyarwar gwajin da na yi aka yaba, ba inda aka nuna mini yadda zan gaya wa yarinya cewa uwarta don so take juya mata ƙeya. Na ce ba ki yi komai ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa babba in ya yi ƙarya, ta tashi ta tafi wajen awaki.

Bayan azahar na sami Yaya a madafi tana tuƙa tuwo. Ban iya kwana-kwana ba, halina ne, na ce mata ina so ta koyi maganar hannu kafin in tafi, kuma maganar hannu ba ta yiwuwa sai an kalli mutum.

Ba ta ɗago ba. "Ke auta, boko ya gama da ke. In tsaya in zuba ma ɗiyata ta hwari ido? Mi mutane ka cewa?"

"Su ce abin da sunka ga dama."

"Ke kam kina iya hwaɗin haka, ba ki haihu ba. Ni Inna ta taɓa kiran sunana? Ta taɓa dubana? Kin taɓa jin na ce ba ta so na?"

"Ke kunnenki na ji, Yaya."

Muciyar ta tsaya a tukunya. Na ga maganar ta shiga, amma ban tsaya nan ba. Na gaya mata yarinyar ba ta san ita ta haife ta ba. Na nuna mata sunan da aka sa mata, na ɗora hannu a kumatuna na ture fuskata gefe. Yaya ta bi hannuna da kallo, bakinta a buɗe. Tuwon ya fara kamu, ƙaurinsa ya tashi, ba wadda ta motsa a cikinmu.

"Kullum ina yi mata magana," ta ce a hankali. "Wallahi tun sahe har dare ita nika yi ma magana."

"Bango kike yi ma."

Ta sa gefen zane ta rufe fuska. Na tsaya ina jira ta ce to. Da ta sauke zanen sai ta ce, "Ba ni iyawa." Nan raina ya ɓaci, na ce mata to ta ci gaba da riƙon al'ada, in na tafi yarinyar ta koma birgima a ƙasa, sai matan unguwa su zo su yaba mata kawaici. Na fice na bar ta da ƙonannen tuwo.

Kwanakin da suka biyo ba na fatan maimaita su. In ɗauki waya zan kira asibitin in ce na fasa, in tuna zaman da na yi, in ajiye. In fara ninke kaya, in hango yarinyar ta taga, in watsar. Aikin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya zo, ga shi ya zo, kuma kurame ne zan yi wa hidima, amma sai na bar tawa kurmar a gida ba mai ce mata ci kanki. In na zauna kuma, har yaushe? Yarinyar ta daina kawo mini labari. Takan zauna nesa ta kafa wa Yaya ido, ita kuwa Yaya wuyanta kamar zai karye don kaucewa. Ni da Yaya gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Inna ce ta raba gardamar, ta hanyarta. Ashe duk abin da aka yi a madafi a kunnenta ne. Wata la'asar muna zaune mu uku, tana jan carbi, sai ta juya ta fuskanci katanga, alamar da Yaya take.

"Ni dai idona ya tahi," ta ce. "Ko wa ya dubi wa cikin gidan ga, ban gani ba."

Ta ci gaba da jan carbinta. Washegari da yarinyar ta bi 'yan unguwa ɗiban ruwa, Yaya ta leƙo ɗakina ta sako labule, ta zauna a bakin gado, ta miƙo mini hannuwanta biyu kamar mai jiran a sa mata lalle.

Hannuwan sun sha surfe da wanki, yatsun ba sa lanƙwasuwa yadda ake so. In ce ta yi alamar abinci, ta yi wani abu mai kama da kiran kaji. Mu yi dariya ƙasa-ƙasa don kada a ji. Amma kanta na ja. Ta riƙe zo, ta riƙe ci, ta riƙe ina ke ciwo, wanda shi ta fara roƙo in koya mata. Ta riƙe uwa. A ɗaki ni ce nake zama yarinyar, ta kalle ni tsaf ta yi. Sai mu fito, yarinyar ta shigo da tulu a ka, in ga wuyan Yaya ya juya da kansa tun ba ta ba shi izini ba. In harare ta, ta ce gobe. Gobe ta zo, ta ce bari baƙin nan su tafi. Kullum da dalili, wata kuma yana ta ƙanƙancewa. Na fara zargin wahalar banza nake, na koya wa mutum magana ne da zai riƙa yi wa labule.

Ranar tafiya ta zo ba ta yi ba.

Da sassafe ake barin Gummi, motoci su bi juna, don ba mai son la'asar ta same shi a hanya. Ɗan kabu-kabun da zai kai ni tasha yana ƙofar gida. Matan maƙwabta suka shigo sallama, wannan da ƙullin kuka, waccan da soyayyen kifi, tsakar gida ta cika. Na duba taron na ce shi ke nan. Abin da Yaya ta kasa yi ba kowa, ba za ta yi shi a gaban rabin unguwa ba.

Na riga na gaya wa yarinyar zan tafi, amma sai da ta ga jaka ta yarda. Ta zo ta tsaya a gabana. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Hannuwanta ne ke ta maimaita abu guda da sauri, ta nuna kanta, ta yi alamar magana, ta yi alamar wa. Da wa? Da wa? Na durƙusa na ce zan riƙa kira ta bidiyo, alhali na san yadda sabis yake a unguwarmu, sai an hau tudu. Na ce zan dawo da sallah. Ta ture hannuna, ta sake tambaya. Na ji saura kaɗan in ce a sauke jakar.

Sai na ji taɓarya ta faɗi. Yaya ce ta bar turmi. Ta ratso ta tsakiyar matan, kallabinta ya zame ba ta gyara ba, ta zo ta durƙusa a ƙasa har tsawonsu ya zo ɗaya. Ta taɓa kafaɗar yarinyar kamar yadda na koya mata. Ta ɗago ido ta kalle ta.

Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah," wata ta ja mayafi ta rufe baki. Yaya ta nuna ƙirjinta, ta yi alamar uwa, babban yatsa ya kauce daga inda ya kamata, ta gyara. Sannan ta nuna yarinyar. Hawaye na zuba amma ba ta sauke ido ba.

Yarinyar ta kalle ta. Ta kalli hannun, ta kalli fuskar, ta daɗe. Sannan a hankali ta juya wuyanta ta fuskanci bango.

Wannan ne ban taɓa lissafawa ba. Duk tsorona a kan Yaya yake, ban kawo a raina cewa yarinyar na iya ƙi ba. Na yunƙura zan shiga tsakani, Inna ta laluba ta riƙe mini zane.

Yaya ba ta tashi ba. Ta ja gwiwa a ƙasa, ta zagaya ta inda fuskar ta koma, ta sake nuna ƙirjinta. Yarinyar ta juya ɗaya gefen. Ɗan kabu-kabu ya danna oda a waje, ya leƙo ya ce motoci za su tashi, in an bar mu sai gobe.

"Tahi," in ji Inna, ta sake mini zanen. "Wagga ba taki ba ce."

Na ɗauki jakar. Ban yi wa kowa sallamar kirki ba, ban kuma san abin da zan tarar in na dawo ba. Da na kai bakin zaure na waiga. Yarinyar na nan tsaye, fuska a bango, amma ba ta gudu ba. Yaya kuma ta sake jan gwiwa tana zagayawa.